Harshe Biyu a Allon Ƙofa, Nawa ne a Cikin Aji?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su a kan makarantun kuɗi na ƙasa da ƙasa, irin na jeka-ka-dawo: yadda ake ɗaukar yaro, batun harshe biyu, sai jarrabawar fita.

Na farko, ɗauka. Ka sayi fom, ka kawo takardar haihuwa da katin rigakafi da sakamakon makarantar da yaro ya baro, a yi masa gwaji, sannan a kira ku ganawa. Ganawar nan ba yaron kaɗai ake dubawa ba, har kai da takalminka. (Dariya.) In aji ya cika a ce ku jira, kuma galibi yaron da yayansa ke ciki yakan riga baƙo samun gurbi. Shi ke nan, mu wuce.

Na biyu, nan ne zuciyata take. Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A 1924 aka buɗe makarantar ƙasa da ƙasa a Geneva, domin 'ya'yan ma'aikatan hukumomin duniya da ke zaune can, ana koyarwa da Turanci da Faransanci. A birnin ne kuma aka kafa tsarin IB, wato manhajar karatu da jarrabawar fita ta ƙasa da ƙasa, a 1968. Su da suka ce harshe biyu, darasi suke nufi, a karanta tarihi ko lissafi da harshen. Mu fa? Na taɓa ziyartar wata makaranta, ba zan kama suna ba, an rubuta harshe biyu ɓaro-ɓaro a ƙofa. Na leƙa jadawali, ashe Faransancin sau biyu ne a mako. Hausa kuwa sunanta banakula, wanda ya yi ta a ci shi tara.

Masu makarantu suna son kafa hujja da Kanada. Gaskiya ne, a 1965 a Saint-Lambert, kusa da Montreal, iyaye masu Turanci sun sa an koyar da ƙananan 'ya'yansu da Faransanci zalla, kuma abin ya yi kyau. Amma ku lura, ku lura da kyau: yaran nan in sun koma gida Turanci ne, talabijin Turanci, littafin da ake karanta musu da dare Turanci. Ba wanda ya ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta harshenta. Ƙari aka yi musu. Mu kuwa musanya muke yi. Na ga yaro ɗan shekara bakwai, kakarsa ta ce "ka tashi lafiya?", ya juya yana kallon uwarsa ta fassara masa. Wallahi sai da na sunkuyar da kai.

A nan gida ma an gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, aka yi firamare shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi ɗaya. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Na huɗu... na nawa muke? (Dariya.) Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.

(Wata uwa ta ce ɗanta ɗan shekara tara ya faɗi gwajin shiga, alhali yana zuba Turanci a gida.)

Yauwa, Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya raba abin gida biyu. Turancin wasa da hira yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu. Na karatu kuwa, wanda ake warware tambayar kimiyya da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ɗanki yana da na farko, aka gwada shi da na biyu. Ki koma ki ce su nuna miki takardar gwajin. Ki tambaye su ko suna da malamin da ke tallafa wa irinsa, awa nawa a mako, kuma kuɗin yana cikin na makaranta ko daban ne. A gida kuma kada ki daina yi masa Hausa. Jarrabawar fita dai sai mun sake haɗuwa, ga mai gabatarwa can yana nuna min agogo.