Kano da Damagaram: harshe ɗaya, kotu biyu

(An rubuto wannan daga rikodin wata lacca da aka gabatar a cikin birnin Kano. An cire gaisuwa da addu'ar buɗe taro.)

Jama'a, ɗan kasuwa ya ɗauki atamfa daga Kantin Kwari ya kai Damagaram. Da Hausa zai yi ciniki, limamin can da na nan duk Malikiyya suke bi. Amma ran da rigima ta kai shi gaban hukuma, ran nan zai san ya bar gida.

Mu Ingila ce ta yi mana mulkin mallaka, kuma a tsarinta hukuncin da babbar kotu ta yanke jiya shi ne madogarar alƙalin yau. Shi ya sa lauya ke shigowa da tulin littattafai yana cewa a shari'ar wane da wane an ce kaza. Lauyoyi su yi ta fafatawa, mai shari'a na zaune yana rubutu, ba ya cika sa baki. Nijar kuwa gadon Faransa ta ci, gidan kundin Napoleon na 1804. A can abin da aka rubuta a kundi, sashe bayan sashe, shi ne gaba. In laifi babba ne, akwai alƙali na musamman mai bincike. Shi zai kira shaidu, ya tono abin da ke ɗaure mutum da abin da ke wanke shi, tun kafin a zauna shari'a.

Ni a ganina alƙalinmu mai rawani ya fi kusa da wannan na Faransa, domin shi ma da bakinsa yake tambaya. Ina yaro na taɓa raka kakana kotu a kan wani bashi. Alƙali ya ce, "Alhaji, kana da shaidu?" Ya ce babu. Sai ya juya ga wanda ake ƙara: "Kai fa, za ka rantse?" Ya ce sosai ma. Aka miƙa masa buta, aka ɗauko Alƙur'ani. Wallahi yana cikin alwala, ya wanke hannun dama, sai ya ajiye butar ya ce, "Allah gafarta malam, a bar rantsuwar nan, zan biya." Hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ko lauya ɗaya babu a ɗakin.

Na baya kuna ji? A ɗan ƙara lasifikar.

To, dokar laifuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, wadda lauyoyi ke kira Final Kod, daga ina ta zo? A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat. Suka ba da shawarar a yi koyi da kundin Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860 aka ciro shi. Kudu kuwa kundinsu daga Ostireliya ya samo asali, kuma abin dariyar, a nan Arewa Gwamna Lugga ya fara kafa shi a 1904, sai a 1916 ya game ƙasa. Mu muka ajiye, su suka riƙe. A 2000 kuma Kano ta dawo da hukuncin laifuka na shari'ar Musulunci, ya zauna gefe da gefe da wancan.

Kullum a Sabon Gari sai ka ji an ce wane ɗan 419 ne. Wannan lamba sashe ce a kundin Kudu, mai magana a kan damfara. A namu na Arewa daga sashe na 320 ake zancen zamba. Masu kallon fim ɗin Indiya kuma kun sha jin ana zagin mutum da 420. Shi ma sashe ne, na wancan tsohon kundi na 1860, kakan namu. Indiyawan sun sauya shi a 2024.

Ga ladan ya fara gyara murya. Tambayoyi sai bayan la'asar.