Littafin iyo da nake karanta wa 'yata

(Daga laccar da wani uba ya gabatar a taron iyayen yara a Garwa, arewacin Kamaru. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena mata da maza, sannunku da zuwa.

Maganata a kan wani ɗan littafin hotuna ce, na Faransanci, da na saya wa 'yata mai shekara 6. Labarin wata yarinya ne mai tsoron ruwa. Ina karantawa ina mayar mata da Hausa, ita kuwa idonta na kan zane.

Mu da muka tashi a bakin Binuwai, da me aka raine mu? "Kada ka je kogi, akwai aljanin ruwa, akwai dorina." Dorina kam akwai ta. Amma mun fasa zuwa? A ɓoye muke zuwa, mu shanya wando a kan yashi kafin mu koma gida, ba babba ko ɗaya a kusa.

Abin da ya sa na ƙaunaci littafin nan, a hankali yake bi da yaro. A shafi guda yarinyar ta tsoma fuska tana hura kumfa. A na gaba tana kwance rigingine, hannuwa a baje, tafin malamarta na tallafe da ƙeyarta. Washegari na tarar da tawa durƙushe gaban baho tana bul-bul-bul, mahaifiyarta tsaye a kanta.

Sai shafin da ya fi taɓa ni. Wani yaro ya zame ya faɗa ruwa. Yarinyar ta kwanta rub da ciki a gefe, ta miƙa masa sanda, tana ƙwala wa manya kira. Iyayenmu sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. To, wuyan mai cetonsa ma zai kama, su nutse tare. Wallahi ban taɓa zaunar da yarana na faɗa musu wannan ba, sai da na gan shi a zane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu kuma ba mu manta da ambaliyar 2012 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo.

Ƙorafina ɗaya: ruwan cikin littafin na kwamin iyo ne, garau, ana ganin ƙasansa. Namu ja ne da damina, yana gudu, yana da rami. Wannan karatun sai masuntanmu, su suka san inda ƙafar yaro za ta taka. Ina roƙon shugaban taro mu gayyato su zama na gaba.

Ga littafin na ajiye a kan tebur, mai son aro ya rubuta sunansa.