Aure, Gado da Bashi a Gidajen Masu Bayi na Virginia

A shekarar 1757, Daniel Parke Custis, ɗaya daga cikin manyan masu gonakin taba na Virginia, ya rasu bai bar wasiyya ba. A lokacin ba a kafa ƙasar Amurka ba tukuna, Virginia tana hannun sarkin Ingila. Ya bar matarsa Martha mai shekara 26, da ƙananan yara biyu, da filaye kusan eka 17,500, da bayi kusan 300. Mu bi yadda aka raba dukiyar nan, don a cikin rabon ne za a ga yadda aure da gado da bashi suka sarƙe a gidajen waɗannan attajirai.

Matar mamaci tana samun kashi ɗaya cikin uku na filaye da bayi, amma fa ba mallaka aka ba ta ba, ci kawai za ta yi iya tsawon ranta. Wanda ya saba da rabon gado na Musulunci, inda mace ke karɓar tumuninta ya zama nata, ta sayar ko ta kyautar, sai ya ajiye wannan a gefe. Martha ba ta da ikon sayar da ko mutum ɗaya cikin bayi sama da 80 da suka faɗo a kasonta, ba ta kuma da ikon 'yanta su. Ranar da ta mutu za su koma hannun magadan Custis. Dalili kuwa, wata dokar Virginia ta 1705 ta ce wajen rabon gado a lissafa bawa tamkar fili. Ragowar filayen na ɗa namiji ne, John Parke Custis, wanda ake kira Jacky. Ƙanwarsa Patsy kuɗi da takardun bashi ta samu.

Ranar 6 ga Janairu 1759, Martha ta auri George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko. Dokar Ingila ta wancan zamani ta ce da zarar an ɗaura aure, kuɗin mace da kayanta sun koma hannun miji, shi ne kuma zai juya filayenta ya ci amfaninsu. A rana ɗaya Washington ya shiga sahun manya. Kotu ta kuma naɗa shi wakilin marayun biyu, sai ya zama yana riƙe da asusu uku, nasa da na Jacky da na Patsy, kuma dole ya riƙa kai wa kotu lissafi.

To, ina kuɗin suke? Nan ne abin ke ba mutane mamaki. Mutum na iya mallakar eka dubbai, amma tsabar kuɗi ta gagare shi. Taba ce kuɗin garin. Tun dokar 1730, manomi kan kai tabarsa rumbun gwamnati, masu duba su buɗe ganga su gani, su ƙone mara kyau, su ba shi takardar shaida. Da takardar ake biyan haraji da bashin kanti, har limamin coci ma laba 16,000 na taba ake biyansa a shekara.

Manyan manoma ba su sayarwa a gida. Bayi ne ke danƙare busasshen ganye a cikin katuwar gangar katako, kowace ɗaya kimanin kilo 450, a mirgina ta zuwa bakin kogi, a ɗora a jirgin ruwa. Doka ta hana kai ta ko'ina sai Birtaniya da ƙasashen da ke hannunta. Can a Landan akwai dillali, na gidan Custis shi ne kamfanin Robert Cary, kuma Washington ya gaje shi tare da auren. Dillalin zai biya kuɗin jirgi da inshora da kwastan da kuɗin ajiya, ya sayar a farashin da ya samu, ya cire la'adarsa, galibi kashi 2 da rabi cikin ɗari, ya rubuta ragowar a littafi.

Matsalar ita ce, jirgin da ya ɗauki tabar shi ne ke ɗauke da takardar sautu: yadin mata, takalma, kwanukan tangaran, littattafai, magani, fartanya, ƙusa, har da bargo da yadi mai kaushi na suturar bayi. An yi sautun kafin a san nawa tabar za ta yi. Sai bayan watanni lissafi ya iso, a tarar sautu ya zarce ciniki. Dillali ba ya hanawa, rubutawa yake yi bashi, da ruwa kashi 5 cikin ɗari. Wanda kuwa ake bin sa bashi ba shi da halin canza dillali, tabar baɗi ma can za ta.

Kayan ma ba kullum suke zuwa da kyau ba. A 1768 Washington ya yi sautun keken doki na alfarma daga Landan. A 1770 ya rubuta wa Cary yana ƙorafin cewa da ɗanyen katako aka ƙera shi, bai yi wata biyu ana hawa ba allunan jikinsa suka fara zamewa suna tsagewa. Wa zai mayar da keke ta tsallaken teku? Ga shi kuma taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin shekara uku zuwa huɗu, ƙasar gonarsa ta Mount Vernon ma dama ba ta ba da ganye mai tsada. Kafin 1764 ta ƙare Cary na bin sa fam 1,800 da ɗoriya.

Washington ya fi yawancin takwarorinsa iya lissafi. Ya rage taba ya koma alkama, ya gina injin niƙa mai aiki da ruwa, ya riƙa sayar da gari ba tare da bi ta Landan ba. Duk da haka, abin da ya taimaka masa ya rufe asusun Cary mutuwa ce. A 1773 Patsy ta rasu da ciwon farfaɗiya tana da shekara 17, rabin dukiyarta ya faɗo wa mahaifiyarta, wato hannun Washington.

Me ya sa dillalan Landan ke sakin bashi haka? Saboda akwai jingina mai ƙafafu. A 1732 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba mai bin bashi damar sa a kama filaye da bayin wanda ake bi a ƙasashen mulkin mallaka, a yi gwanjonsu. Fili yana da wuyar sayarwa, don ƙasa a yalwace take a can. Mutum kuwa ana sayar da shi a yini guda.

Ku dubi gidan Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku. Surukinsa John Wayles ya rasu a 1773, matar Jefferson ta gaji kusan eka 11,000 da bayi 135, tare da kasonta na bashin da kamfanin Farell da Jones na Bristol ke bin mahaifinta. Kuskuren magadan shi ne sun raba dukiyar kafin a biya bashin, sai ya hau wuyan kowannensu. Jefferson ya sayar da filaye don ya biya, amma a kan bashi ya sayar. Yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, masu sayen suka biya shi da kuɗin takarda da darajarsa ta zube ƙasa. Yarjejeniyar sulhu ta 1783 kuma ta ce a biya 'yan kasuwar Birtaniya cikakken kuɗinsu. Fili ya tafi, bashi na nan. Da ya haɗa da nasa kashe-kashen kuɗin, ya mutu a 1826 ana bin sa kimanin dala 107,000. A Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 na gidansa na Monticello.

Ga bayi, biki ko rasuwa a gidan ubangida ranar fargaba ce. A 1796 Ona Judge, mai yi wa Martha hidimar ɗaki, ta ji cewa za a ba jikar uwargida, Eliza, ita a matsayin kyautar aure. Ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia ta shiga jirgi zuwa New Hampshire. Washington ya sa a nemo ta, kuma akwai lissafi a ciki: tana cikin kason Custis, ɓacewarta asara ce da za a iya cewa ya biya magada. Ba ta dawo ba.

A 1799 akwai bayi 317 a Mount Vernon. 123 na Washington ne, 153 na kason Custis, sauran haya aka ɗauko. Shekara 40 suna zaune tare, sun yi auratayya, ko da yake doka ba ta san da auren bawa ba. Dokar 1662 kuma ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, mai uwa shi ke da ɗa. Isaac, shugaban kafintocin gidan, na Washington ne. Matarsa Kitty, mai tatsar shanu, ta kason Custis ce, don haka 'ya'yansu mata tara duk na Custis ne.

Washington ya yi wasiyya a 'yanta nasa bayan mutuwar Martha, ya kuma faɗi dalilin jinkirin a cikin wasiyyar, wato wannan auratayya. Martha ba ta jira ba, ta sa hannu suka samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1801. Isaac ya zama 'yantacce. Da Martha ta rasu a 1802, aka kasa bayin kason Custis gida huɗu, ɗaya ga kowane cikin 'ya'yan Jacky, Kitty da 'ya'yanta suka watsu a gidaje daban-daban.