Tauraron nan mai ruwan lemo: ya fi rana zafi ne?

Wancan ɗigon haske mai ruwan lemo da ake ta yaɗa hotonsa ana cewa duniyar Mars ce, ku ƙara dubansa a sama da daddare. Kun ga yana ƙyafƙyaftawa? Mars ba ta cika yin haka ba. Wannan tauraro ne, Aldebaran. Sunan daga Larabci yake, Addabaran, wato mai bin baya, domin kullum yana biye da Surayya, tarin taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta. Hasken da kuke gani yanzu kuwa, shekara kusan 65 ya yi a hanya.

To, ga inda ake tafka kuskure. Da an ga launin garwashi sai a ce lallai ya fi rana zafi. Ina! Ku kalli ƙarfe in an sa shi a wuta. Ja yake fara yi, sannan ruwan lemo, in wuta ta ƙara ci ya koma fari fat. Haka taurari suke. Fatar rana tana kai digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyas, ta Aldebaran kuwa wajen 3,600 ce. Ya fi rana sanyi, in ma za a kira wannan sanyi.

Amma ai ya fi rana haske, sau 400 da ɗoriya. Ta yaya? Girma. Haidurojin da ke tsakiyarsa, wato iskar da ke zame masa makamashi, ya ƙare, sai ya kumbura, har faɗinsa ya ninka na rana sau 44. In aka ajiye ranarmu a gefensa, kamar ƙwayar gero ce kusa da ƙwallo. Kowane yanki na fatarsa haskensa bai kai na rana ba, amma fatar ta ninka ta rana kusan sau 1,900. Yawa ne ya rinjayi zafi.

Nemo shi ba wuya. Da daddare a Disamba ko Janairu, ku sami taurari ukun nan da suka jeru reras, ku ja layi daga kansu zuwa wajen kaza. Kafin ku isa za ku ci karo da shi.

Af, kumbon Pioneer 10 da Amurka ta harba a 1972 ma can wajen ya nufa. Saura masa shekara miliyan biyu. Ni dai ba zan jira ba.