Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Bikin Buɗe Ɗakin Wasan Sunuka na Matasa

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Dagaci da masu unguwanni. Malam Liman da na'ibansa. Iyayenmu dattawan gari. Malaman makaranta da 'yan'uwana matasa, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin ƙungiyar matasan wannan gari, ina yi wa mai girma Hakimi barka da sauka, tare da 'yan rakiyarsa baki ɗaya. Mun san yadda damina ta zaizaye hanyar da ta ratso daga titin Ringim, mun kuma san yanzu kaka ce, lokacin da fada ba ta rabo da sulhun manoma da makiyaya, amma duk da haka ka taso ka amsa gayyatar 'ya'yanka. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye maka ba, sunuka ba ta da farin jini a wurin iyayenmu, kuma ba mu ga laifinsu ba. Da idona na ga yaron da mahaifinsa ya ba shi kuɗin taki, ya tsaya a rumfar bakin tasha da nufin buga zubi ɗaya, kafin la'asar ba ko sisi a aljihunsa, ya zauna a kan benci yana murza alli a bakin sanda don ya rasa da wace fuska zai shiga gida. Wanda ya ga irin wannan, in ya kira wasan da sunan caca, ai bai yi ƙarya ba. Roƙonmu kawai shi ne a bambanta wasan da abin da ake liƙa masa, kuma babu labarin da ya fi fito da wannan bambanci kamar na wani matashi ɗan ƙasar Sin mai suna Zhao Xintong.

An haifi Zhao a 1997, ya taso a birnin Shenzhen, ya shiga sahun ƙwararru a 2016, daga nan ya tare a Sheffield ta ƙasar Ingila, inda manyan 'yan wasa suke yin atisaye. Shekara 5 ya yi ana cewa yana da baiwa amma babu kofi a hannu, sai a Disambar 2021 ya ɗauki gasar Birtaniya bayan ya doke Luca Brecel ɗan Beljiyam da ci 10 da 5. Ba a yi wata 2 ba ya je Jamus ya ci wata gasar, inda ya lallasa ɗan ƙasarsu Yan Bingtao da ci 9 da nema.

Ana cikin haka ne, a 2023, bincike ya bankaɗo badaƙalar sayar da wasa, aka hukunta 'yan wasan Sin su 10, aka haramta wa 2 daga cikinsu wasan har iya rayuwa. Shi Zhao ba a same shi da sayar da wasansa ba, amma ya amsa cewa ya san an sayar da wasu wasanni yana da hannu a lamarin, kuma ya zuba kuɗi a caca. Aka dakatar da shi wata 20, ya rasa gurbinsa na ƙwararre. Ranka ya daɗe, wannan gaɓar ce muka fi maimaita wa ƙannenmu, domin hukumar wasan da kanta ce ta kori ɗaya daga cikin fitattun 'ya'yanta saboda caca, ba liman ba, ba uba ba.

Da wa'adinsa ya cika a Satumbar 2024, sai ya koma can ƙasa, cikin masu neman gurbi, ya ci ƙananan gasa 4 a jere. Da gasar duniya ta 2025 ta zo, sai da ya buga wasannin share fage 4 kafin a bar shi ya shiga zauren Crucible, inda ake yin gasar tun 1977. A wasan kusa da na ƙarshe ya fitar da Ronnie O'Sullivan, mai kofin duniya 7, da ci 17 da 7, sannan ranar 5 ga Mayu ya doke Mark Williams da ci 18 da 12, ya zama mutum na farko daga nahiyar Asiya da ya ɗauki wannan kofi, tare da ladar fam 500,000. A teburin mai shayi muka kalli ƙarshen wasan, mu fiye da 10 a kan waya ɗaya da aka jingina da gwangwanin madara, kuma a daren ne maganar gina wannan ɗaki ta taso. A ganina, dawowar tasa ta fi kofin daraja.

Afirka ma ba baƙuwa ba ce a fagen, domin Perrie Mans na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe na duniya a 1978.

Sai dai akwai gyara. Teburan da ke garin nan ƙanana ne, kuma abin da muke bugawa a kansu ƙanen sunuka ne kawai. Teburin gaske ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ana zuba masa jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6, kuma wanda ya jefa kowace ja ya bi ta da baƙa har ya share tebur, shi ne yake haɗa maki 147. Muna da yaro ɗan shekara 16 wanda babu mai iya tare shi a ƙauyukan da ke kewaye, amma ranar da muka kai shi Kano ya tsaya gaban babban tebur, sai ya ce ramukan sun yi masa nisa kamar gonar bayan rafi. Hannu yana da shi, wurin horo ne babu.

Ɗakin nan da guminmu muka gina shi, da bulon ƙasa da kuɗin karo-karo, kuma mun sa hannu a gaban Dagaci cewa duk wanda ya aje kuɗi a kan wasa ya bar ɗakin ke nan. Ana kiran salla za a ajiye sanda, ɗan makaranta ba zai shiga ba sai an tashi, da damina kuwa ba za a buɗe ba sai an dawo daga gona. Kokenmu ga mai girma Hakimi shi ne ya sa mana baki wurin masu hali da masu riƙe da harkar wasanni, ko Allah zai sa mu sami babban tebur guda ɗaya da fitilar sola, domin yanzu magariba tana yi wasa ya tsaya.

Ranka ya daɗe, ga sanda nan an goga mata alli, muna roƙon ka shiga ka fasa mana zubin farko da hannunka mai albarka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya maishe ka gida lafiya. Wassalamu alaikum.