Jawabin maraba ga Hajiya Farfesa da tawagarta a ɗakin 'yan bakwaini, Damagaram

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe Hajiya Farfesa shugabar tawaga, likitoci, ungozomomi 'yan uwana, da iyaye mata masu jego da ke zaune da jarirai a ƙirji, barkanku da zuwa. Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, duk wanda ya biyo ta Dosso, Konni, Maraɗi ya san yadda baya ke ciwo, sannunku da hanya. Ga ruwa nan, kun dai san darajar ruwa a garin nan.

Mun ji daɗi da aka ce kun zo kan maganar auna damuwar uwayen bakwaini, don mu da muke kwana da su mun daɗe muna ganin abin. Yaro ya zo kafin sati 37, an sa shi a kwalba, kowa hankalinsa na kan yaron, uwa kuma ba mai tambayar ta ya ta kwana. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, kusan 1 cikin jarirai 10 kenan.

Takardun awon akwai su, ga PSS:NICU, takardar auna damuwar iyayen da jaririnsu ke ɗakin kulawa ta musamman, da Margaret Miles ta fitar a Amurka a 1993, ga GAD-7 ta auna fargaba mai tambayoyi 7, kuma mun san tsarin, a juya zuwa Hausa, wani daban ya maida harshen asali, a gwada a gani, sannan a jarraba da mata kaɗan. To amma ranki ya daɗe, PSS:NICU ɗin nan tana tambayar ƙarar na'urori da wayoyin da ke jikin yaro, mu nan abin da ke hana mace barci shi ne kuɗin ordonans, da yaran da ta baro a Mirriya ko Magariya ba mai dafa musu, da ranar suna da ta zo yaro yana kwalba, ga uwar miji tana aiko a maido ta gida a fara wankan jego. Ba ɗaya daga cikin waɗannan a takardar.

Sannan kunya. Ki tambayi mai haihuwar fari ya hankalinki, wallahi alhamdulillahi za ta ce tana kallon ƙasa, ko da ta kwana tana kuka a bayan labule, in kuwa gwaggonta na zaune kusa ko sunan ɗan ba za ta kama ba. Ka rubuta lafiya lau, takarda ta yi ƙarya kenan. Da yawansu kuma ba sa karatun boko, ka ce ta zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, me za ta zaɓa? Sai dai mace ta zauna da ita su biyu ta tambaye ta da baki.

Roƙonmu kada aikin ya tsaya kan Hausa kaɗai, a gadajen nan akwai Barebari, Fulani, Buzaye da Tubawa, kuma a sa ungozomomi cikin masu duba fassarar tun farko, ba sai an gama a aiko mana mu cika ba.

Allah ya saka da alheri, ya maida ku gida lafiya. Yanzu bismillah ranki ya daɗe mu shiga ciki ki ga masu goyon kangaru, wato masu rungume jariri a ƙirji fata da fata, sai dai a cire takalmi a wanke hannu a bakin ƙofa.