Wanda zai saka ka a fim ba ya karɓar kuɗinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamaina, ƙannena maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. Na gode wa waɗanda suka shirya zaman nan, da suka ba ni dama in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato damfarar da ake yi wa yaranmu da sunan za a saka su a fim ko a tallar kaya.

Ban zo in hana kowa sha'awar fim ba. Sana'a ce. Tun wajajen 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, mutane da yawa sun ci abinci a cikinta, sun yi aure, sun gina gidaje. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan YouTube ya buɗe ƙofar fina-finai masu dogon zango, sai buƙatar sabbin fuskoki ta ƙaru. Yaro yana Funtuwa ko Maraɗi, yana kallo a wayarsa, yana cewa a ransa ni ma zan iya. Wannan burin nasa halal ne. Wannan burin kuma shi ɗan damfara yake nema.

Abu guda nake so kowa ya fita da shi daga ɗakin nan: a harkar fim, kuɗi daga hannun mai fim yake fitowa ya shiga hannun ɗan wasa. Furodusa shi ne mai jari. Shi yake biyan marubuci, ya biya darakta, ya biya mai ɗaukar hoto da mai kwalliya da mai haske, ya sallami jarumai. Gaskiya ne, sabon shiga ana iya ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. Wani ma zai wuni a lokeshan, a ba shi abinci da kuɗin mota kawai, a ce masa ai koyo yake. Wannan wata matsala ce daban, kuma ban yarda da ita ba. Amma ko a nan ɗin, ba a cire ko kwabo daga aljihunsa ba. Ranar da aka ce kai ne za ka biya kafin a ba ka rol, wato rawar da za ka taka a fim, to an juya maganar kai a ƙasa.

Wani zai ce, to ai a ƙasashen waje akwai wakilai masu nema wa 'yan wasa aiki, kuma ana biyan su. Haka ne. Amma ta yaya ake biyan su? Kamar dillali ne a kasuwar shanu: sai ciniki ya faɗa, an biya, sannan ya karɓi la'adarsa. A Amurka wakilin ɗan wasa kashi 10 cikin 100 yake ɗauka daga abin da aka biya ɗan wasan, na masu tallar tufafi kuma yakan kai kashi 20. In bai samo maka aiki ba, bai ci komai ba. Jihar Kalifoniya, inda Hollywood take, da damfarar ta ishe su, sai suka yi doka a 2009 da ta haramta wa wakili karɓar kuɗi tun kafin ya samo aikin. Can ke nan, inda tsarin wakilci ya kafu. Mu nan Kannywood yawanci ba haka ake shiga ba. Ta hannun wani kamfani ko ubangida ake shiga, a san ka, a san gidanku, ka yi ta bin su lokeshan har a gwada ka da fitowa ɗaya a fim. Saboda haka duk wanda ya ɓullo maka a waya ya ce shi wakilin masana'anta ne, tun daga nan ka sa masa alamar tambaya.

Bari in nuna muku yadda abin yake tafiya, don kusan hanya ɗaya suke bi. Za ka ga shafi a Facebook ko TikTok ɗauke da hoton wani fitaccen jarumi ko darakta. An rubuta: ana neman sabbin fuskoki maza da mata don wani sabon shiri mai dogon zango, mai sha'awa ya tuntuɓi wannan lamba. Ka yi magana, a jefa ka cikin wani zaure na WhatsApp, wanda shugabanninsa kaɗai ke iya rubutu. A turo fom mai tambari da hatimi, a ce naira 5,000 ne. Ka biya. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: muna taya ka murna, kana cikin waɗanda suka yi nasara. Ba wanda ya ga fuskarka, ba wanda ya ji muryarka, ba a ba ka ko layi ɗaya ka karanta ba, amma wai ka ci jarrabawa. Kuma duk wanda ya biya haka aka rubuta masa. Daga nan sai kuɗin katin shaida, sai kuɗin kayan sawa, sai kuɗin masauki a Kano ko Abuja. Kowanne da gaggawarsa: gurbi biyu ya rage, wanda bai tura kafin la'asar ba an ba wani. In ka duba sunan asusun da kake tura kuɗin, sunan wani mutum ne can daban, ba na kamfani ba, ba na jarumin da ke hoton ba. Ranar da ka fara tambayar yaushe za a fita aiki, ranar za a cire ka daga zauren, lambar kuma ta daina shiga.

Ku lura da wayon da ke cikin ƙanƙantar kuɗin. Da gangan ne. Sun san ba wanda zai tashi daga Gusau ya je ofishin 'yan sanda a kan naira 5,000. Amma mutum 200 in kowa ya tura, an tashi da naira miliyan 1, ba a kunna kyamara ko sau ɗaya ba.

Asarar kuɗi ita ce mai sauƙin. Inda zuciyata take ƙuna shi ne abin da ake yi wa 'yan mata, kuma iyaye, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku a nan. Yarinya ta nuna sha'awa, sai a ce ta turo hotunanta. Na farko da mayafi. Sai a ce darakta yana so ya ga dirinta, ta cire mayafin. A hankali a hankali ake janta, har ta tura abin da ba za ta so mahaifiyarta ta gani ba. Daga ranar ta shiga hannu: ko ki turo kuɗi, ko ki zo inda muka ce, ko mu watsa. Wata kuma a kira ta gwaji a ɗakin otal da daddare, a ce ta zo ita kaɗai. Babu gwajin gaskiya da ake yi a ɗakin kwana. Akwai kuma wadda za a ce an samo mata aikin tallar kaya a ƙasar waje, an biya mata jirgi da biza, tana sauka a karɓe fasfo, a ce ana bin ta bashin miliyoyi, sai ta biya da jikinta ko da aikatau. Wannan safarar mutane ce, kuma saboda irinta aka kafa hukumar NAPTIP a 2003, tana da ofishi nan Kano.

Me ya sa suke cin nasara a kan 'ya'yanmu mata? Saboda yarinyar a ɓoye take yi. Ta san in ta furta kalmar fim a gida, faɗa ne zai biyo baya, sai ta yi shiru ta nemi hanya da kanta. Ɗan damfara ya san da wannan, shi ya sa abin da yake fara ce mata shi ne, kada ki gaya wa kowa sai abin ya tabbata. Baba, inna, ba na ce dole ku amince 'yarku ta yi fim ba, wannan hukuncinku ne. Amma ku bar ƙofar magana a buɗe. Yarinyar da za ta iya nuna wa yayanta saƙon da aka turo mata, da wuya a kai ta otal. Ke kuma ƙanwata, ki sani masu fim na gaskiya su da kansu suke neman yardar iyaye ko waliyyi kafin su karɓi mace. Wanda ya ce ki ɓoye wa gida ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Masu sha'awar tallar atamfa da leshi da kayan kwalliya, naku salon daban ne. Za a ce an zaɓe ki jakadiyar kamfani, amma sai kin fara sayen kayan da kuɗinki. Wannan ciniki aka yi da ke, ba aiki aka ba ki ba. In kuwa aikin na gaske ne, a rubuta nawa za a biya, a ina za a sa hoton, har tsawon wane lokaci.

To, ba a biyan komai ke nan sam? Ana biya, a wurare sanannu. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan fim rajista. Akwai ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin sana'a da ke ƙarƙashinta. Mai son ilimin abin, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. Duk waɗannan suna da ofishin da za ka taka da ƙafarka, su ba ka rasit, kuma ba ɗayansu da zai ce maka wannan kuɗin na sayen rol ne. In an ambaci sunan kamfani, ka bincika shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, duk da cewa rajista kaɗai ba ta wanke mutum. Abin da ya fi, ka ɗauki wani babba ku je ofishin, ku tambayi fim nawa suka yi, su wa suka fito a ciki. Kada saƙon murya ya ruɗe ka, yanzu na'ura tana kwaikwayon muryar kowa.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ka goge hirar. Ka ajiye ta, ka ajiye shaidar tura kuɗin da lambar asusun, ka garzaya bankinka a ranar, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. In hotuna ake miki barazana da su, kada ki tura ko sisi, don in kin biya yau gobe ma za su dawo. Ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi, ku kai maganar hukuma tare. Kuma ku yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce zai ƙwato muku kuɗinku in kun ba shi wani abu, sau da yawa su ɗin ne dai suka canza lamba.

Na ga an miƙo takardun tambayoyi, kuma lokacin salla ya matso. Bari mu ɗauki na farko.